Zaɓen Kwasa-kwasai a Jami'ar Ƙasar Waje

Jawabin da wasu ɗalibai biyu suka yi wa iyaye da matasa bayan sun dawo daga Jamus

Mun gode da gudummawar da kuka tara mana lokacin tafiya. Wasunku sun sayar da hatsi, wasu akuya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu faɗa muku yadda abin yake, domin ƙannenmu da za su bi baya.

Mun tafi ne a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai mai suna Erasmus, wanda aka fara a 1987. Ɗalibi yakan yi zango ɗaya ko biyu a jami'ar waje, sannan ya komo tasa jami'ar ya ƙarasa. Digirinsa daga gida zai fito. Ke nan duk kwas ɗin da ya yi a can, in jami'ar gida ba ta karɓa ba, ya yi aikin banza.

A Turai ana auna karatu da makin ECTS. Zango ɗaya maki 30 ne, shekara kuma 60, kowane maki yana daidai da aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da mutum zai yi shi kaɗai a ɗaki. Wannan lissafi dabam yake da na jami'o'inmu na Nijeriya. Saboda haka kafin a tashi akwai takardar yarjejeniyar karatu. A ciki ake rubuta kwasa-kwasan da za a ɗauka a can, da waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Mutum uku ke sa hannu: ɗalibi, da wakilin jami'arsa, da wakilin jami'ar da za ta karɓe shi.

To, ga inda muka kusa yin tuntuɓe. Mu ɗaliban aikin gona ne. Da muka buɗe jerin kwasa-kwasai, idonmu ya faɗa kan na manyan injinan noma. Sunan kwas ɗin da Turanci aka rubuta, amma ranar farko da muka shiga aji a watan Oktoba, malamin da Jamusanci ya fara, da shi ya gama. Ko da mun ji, wa yake da irin wannan inji a ƙauyenmu? Muka koma kwas na kula da ƙasar noma da na adana amfanin gona bayan girbi. Wasu jami'o'in Jamus, kamar Hohenheim da ke Stuttgart, suna koyar da noman ƙasashe masu zafi irin namu, da Turanci kuma.

Ana yarda a canza kwas cikin makonni biyar na farkon zango, amma dole duka ukun nan su sake amincewa. Mun aika wa shugaban sashenmu saƙo, muka yi ta kira har ya amsa a rubuce. Wani abokin tafiyarmu bai yi haka ba. Ya canza kwas biyu da kansa, ya ci jarrabawa da kyau, amma da ya dawo aka ce ba su cikin takarda. Sai da ya maimaita kwas na dole a gida, 'yan ajinsa suka tafi bautar ƙasa suka bar shi. Mahaifiyarsa ce ta sake neman kuɗin makaranta.

Wani abu kuma: shiga aji dabam, yin rajistar jarrabawa dabam. Ba wanda zai bi ka yana tuna maka. In ranar ta wuce, ta wuce. Kwasa-kwasai da yawa kuma jarrabawa ɗaya tak ta ƙarshen zango ce ke yanke hukunci, don haka kada a kwashi kaya fiye da maki 30 don a burge mutane, ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe biyar na yamma a Disamba.

Iyaye, in ɗanku ya ce zai tafi, ku ce ya nuna muku takardar nan da sa hannu uku a kanta, ko da ba ku iya karanta ta ba. In kuma ya kawo sakamako kuka ga 1, kada hankalinku ya tashi kamar yadda na baban ɗayanmu ya tashi. A Jamus 1 ne mafi kyau, 4 an tsallake da ƙyar, 5 kuwa an faɗi.