Awon Igiya Ya Cinye Kwarin Bayan Unguwa



Ba sai na ba ku labarin yadda Funtua ta cika ta tumbatsa ba. Kun ga mutanen Faskari, Sabuwa da Dandume da rashin tsaro ya koro, kun kuma san abin da fuloti ya kai yau. Maganata a kan kwari ce, irin wanda kusan kowace tsohuwar unguwa a Funtua da Malumfashi take da shi a bayanta: ruwa ya bi da damina, da rani 'yan lambu su haƙa rijiya gaba biyu su shuka latas da albasa. Kwarurukan nan da yawa sun tafi. 'Yan tifa suka kwashe yashin, aka cike da shara da jar ƙasa, dillali ya zo da igiya ya yanka.

Abokaina injiniyoyi suna cewa ambaliya laifin masu zuba shara a lambatu ne. Na ji, a kwashe. To amma mu yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Ɗauki gida mai rufin kwano murabba'in mita 100. In aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, rufin nan kaɗai zai zubo lita 5,000, wato durom 25. Tsakar gidan kuma an shafe ta da siminti, ƙasa ba ta shan ko ɗigo. Jera gida 500, ka sami lita miliyan 2 da rabi. Lokacin da wurin yake gonar auduga ko masara, ƙasa ce ke shanye kaso mai yawa, ragowar ya gangara kwari a hankali. Yanzu ruwan ya ƙaru, hanyarsa kuma an gina ɗaki a kanta. Wane lambatu mai faɗin taku biyu ne zai ɗauke wannan? Rijiyoyin unguwa da ke ƙafewa tun Maris, ruwan da aka hana nutsewa ne suke nema.

Masu cewa talaka na buƙatar matsuguni, ai talakan ake sayar wa bakin kwari, shi ne kuma katanga ke faɗo wa. Jibia ta gani a ambaliyar 2018.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni amana a hannun gwamna, saboda haka hukumar tsara birane ba ta da uzuri. A auna kwarurukan da suka rage, a kafa musu duwatsun iyaka, a buga su a gazet. Mai unguwar da ya sa hannu a cinikin hanyar ruwa, masarauta ta tuhume shi. Kada kuma a amince da zanen gini sai an bar wani yanki na tsakar gida ba siminti.