Gurgu Ya Miƙe, Manzanni Sun Kwana a Tsare

Mu buɗe Ayyukan Manzanni, sura 3 da 4. A bakin Kyakkyawar Ƙofa ta Haikalin Urushalima akwai wani gurgu tun haihuwa, ya haura shekara 40, kullum sai an ɗauko shi ya yi bara. Bitrus ya kama hannunsa na dama, ya tashe shi da sunan Yesu, sai mutumin ya shiga Haikali yana tsalle.

Da yamma aka tsare manzanni Bitrus da Yohanna saboda wa'azin da suka yi bayan warkarwar. Abin da ya fi taɓa ni, majalisar Yahudawa da aka kai su gabanta ba ta musa warkarwar ba, ga mutumin nan tsaye. Wa'azin tashin matattu ne ya ɓata wa Sadukiyawa rai, domin su ba su yarda da tashin matattu ba. Aka ja wa manzannin kunne, aka sake su. Da suka koma wurin 'yan'uwa, ƙarfin halin ci gaba da wa'azi suka roƙi Allah.