Jawabin Edita Ga Daliban Yaki Da Jahilci Na Horo Birni



Yau hirarmu a kan zaɓen 'yan majalisar tarayya ce. Abin ba baƙo ba ne a nan, domin maƙwabcinku, marigayi Alhaji Shehu Shagari, ya shiga Majalisar Wakilai ta Ikko tun 1954.

Babban zaɓe shi ne na Disamba 1959, gab da samun mulkin kai. Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 na Arewa ne. Jam'iyyar NPC ta Sardauna, mai alamar fartanya, ta ci 134. Ba su kai rabi ba, dole ta haɗa kai da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista.

To amma fa maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Matan Kudu sun yi zaɓe, namu suna gida. A ganina an yi babbar asara. Sai a 1979 matan Arewa suka fara zaɓen 'yan majalisar tarayya.

Yanzu wakilai 360 ne, sanatoci 109. Kujerarku ita ce ta Yabo da Shagari. Iyaye mata na wannan aji, wa ya san sunan wanda ke kanta?