Hanyar Bwari A Motar Haya

Yau maganata a kan hanya ce, watau yadda talaka zai kai kansa babban ofishin JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a wadda aka kafa a 1978. Da yawa cikinku kuna da 'ya'ya masu wannan jarrabawa, in kuwa takarda ta rikice akan ce da mutum, sai ka je Abuja.

To, ku sani ofishin nan ba cikin birnin Abuja yake ba. Can yake Bwari, bayan gari, inda makarantar horar da lauyoyi take. Wanda ya sauka tsakiyar birni yana tambaya ya riga ya wuce hanya, ya kuwa yi hasarar kuɗin mota.

In ka taso daga Kano ko Kaduna, sauka za ka yi a Zuba. Daga nan ka nemi bas mai bin titin Kubwa, ka gaya wa kwandasta a mahaɗar Dutse za ka sauka. Kada ka rikice, ba Dutsen Jigawa ba ce, unguwa ce ana ce da ita Dutse Alhaji. Nan za ka sake wata mota, ku bi ta wajen madatsar ruwa ta Usuma, ku wuce mahaɗar Ushafa, sa'an nan Bwari. Mota uku ke nan tun daga gida, kowacce da kuɗinta.

Lalle a yi sammako. Da safe ma'aikatan Zuba da Kubwa duka birni suke nufa, saboda haka tsakanin Zuba da Dutse sai an yi kokawa kafin a sami wuri. Amma daga Dutse zuwa Bwari da sauƙi, gama kai kana fita, jama'a suna shiga. Ka riƙe canji, ka yi ciniki tun ƙafarka tana ƙasa. Kada kuma ka shiga ƙaramar motar da ta tsaya maka a gefen titi don ta yi araha. Akwai ɓarayi masu zama ciki kamar fasinja. Ka shiga inda ake lodi, gaban mutane.

Yanzu ina tambaya, me ya sa tafiyar nan take da wuya haka? Gwamnati ta koma Abuja a 1991, aka shimfiɗa tituna masu faɗi domin mai motar kansa. A 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni. A 2013 aka kori ƙananan bas, aka ce manya za su maye gurbinsu. Ina manyan? Ku tambayi masinja da mai shara da suke tsayuwa a rana. Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018 bai je Bwari ba. Ga shi a 2023 aka janye tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, direba kuwa a kanmu ya fanshe. Wanda ya zaɓi filin ofis a bayan gari, a motar gwamnati yake zuwa, da direba. Shi ya sa bai taɓa lissafa abin da mai sayar da tumatir zai rufe rumfarsa kwana biyu ya kashe ba.

Saboda haka kafin kowa ya ɗaura niyya, ya fara zuwa ofishin hukumar na jiharsa, gama kowace jiha akwai shi, kuma yawancin gyara can ake yi. In sun ce lalle sai Bwari, to, a tafi da yaron kansa da takardunsa duka, na ainihi da kwafi, a kuma guji ranar Juma'a, don yinin gajere ne.