Amanar Wuta a Ɗakin Gwaje-gwaje: Jawabi ga Masu Shirin Koyar da Kimiyya



Da yawa daga cikinmu za a tura mu koyarwa a makarantun sakandare na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe. A can za a danƙa mana 'ya'yan mutane, a kuma danƙa mana wuta, wato murhun nan da Robert Bunsen ya kyautata a Heidelberg ta Jamus a 1855.

Iskar gas da ke cikin tukunya ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ta tsiyaya, ƙasa take kwanciya tana jiran ashana. Zafin bazara kuwa yana busar da tiyon roba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka mu riƙa shafa wa tiyo ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ɓarakar take. In mun ji warin gas, mu rufe tukunya, mu buɗe tagogi, kada mu taɓa makunnin lantarki.

Wajen kunnawa, a toshe kafar iska, a ƙyasta ashana tukuna, sannan a buɗe gas. Shuɗiyar wuta ta fi zafi, ga ta da wuyar gani da hasken rana. In ba a aiki da ita, a mayar da ita ruwan ɗorawa ko a kashe. A tattare mayafi, a naɗe hannun riga.

Iyaye lafiya suka kawo mana 'ya'yansu. Lafiya za mu mayar musu da su. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.

Wassalam.