Lacca A Kan Shirin Takardar Ofis

 

An umurce ni in yi magana a kan aikin malamin ofis na zamanin En'e. Cikin ayyukansa duka na zaɓi guda, watau yadda ya ke shirya takarda, gama ko da ya ke an rushe En'e a 1976 an kafa ƙananan hukumomi, takarda tana nan ba ta bar hannunmu ba.

Tun kafin zuwan Turawa wasiƙar fada tana da tsarinta. Hatimi a bisa, sa'an nan sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, sai gaisuwa, kana a faɗi bukata, a rufe da sallama. Da Larabci a ke rubutawa, a karanta a gaban Sarki. To, mai ji da kunne ba shi da ikon komawa baya ya duba, saboda haka tilas bukata ta fito a fili. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, aka soma samun malaman boko, haruffa suka sake, amma wannan ƙa'ida ba ta sake ba.

Sabon abin da ofis ya zo da shi shi ne fayil. Na haraji dabam, na jangali dabam, na asibiti dabam. A nan fa malami ya kan yi ɓarna ba da saninsa ba. A ce Hakimi ya sa a sanad da Sarki abu uku: an gama tara haraji, gada ta karye, kuma bushiya ta shiga shanun wata ruga. Malami mai tsimin takarda ya haɗa su a wasiƙa guda, ya sa haraji a gaba don shi ne mai daɗin ji. A babban ofis a duba, a ga kan magana haraji ne, a sa ta a fayil ɗin Ma'aji. Malamin dabbobi ba shi da labari sai shanu sun fara faɗuwa a gundumar maƙwabta. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya ɓoye kome, amma dukiyar talakawa ta tafi. Da ya rubuta wasiƙa uku, kowace da kan maganarta a bisa, ya riga tura ta bushiya, da ta isa hannun mai maganinta. Bushiya kam an ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 2011, alhamdu lillahi. Amma sanƙarau da amai da gudawa suna nan, labarinsu kuwa a takarda ya ke tafiya.

Sai batun suna. Ƙauye guda ya kan tara Audu goma. In ba a rubuta sunan uba da unguwa ba, sai a kama Audun da ya biya, a bar wanda bai biya ba. Hakanan kwanan wata: "jiya" da "makon jiya" ba su da amfani ga wanda zai karanta bayan wata biyu.

Kuɗi kuwa ba a cusa su cikin zance. A da, sule 20 ke fam, kwabo 12 ke sule, don haka a kan ja layi uku, kowane da gidansa, jimla a ƙasa. Naira ta zo a 1973 ta sauƙaƙa lissafi, amma har yau in adadi bai zauna ƙarƙashin ɗan'uwansa ba, mai bincike zai wahala, ya kuma zargi marubuci.

Ku samari, in kun gama rubutu, kafin a sa hannu ku kira masinja ku karanta masa sau ɗaya. Ku tambaye shi: wa ya aiko, me ya faru, a ina, me a ke so a yi? In ya yi inda-inda, ku ɗauki sabuwar takarda. Haza wassalam.