Landan: Garin da Ya Adana Tarihinsa Har da Na Wasu

Jama'a, jawabin wannan wata a kan birnin Landan ne, babban birnin ƙasar Ingila. Mutane da yawa sun san sunan garin ta rediyo. To, ga kaɗan daga tarihinsa da wuraren da baƙi kan je kallo.

Asalin garin

Landan tana bakin wani kogi mai suna Tems. Romawa ne suka kafa ta kusan shekara 2,000 da suka wuce. Wajen shekara ta 200 suka kewaye ta da ganuwar dutse mai tsawon kamar mil 2. Har yau akwai guntayen ganuwar a tsaye tsakanin dogayen benaye. Doka ta hana kowa ya rushe su.

A shekarar 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya ƙetaro teku daga Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Wajen 1078 ya sa aka fara gina Hasumiyar Landan a bakin kogi, don mutanen gari su ji tsoronsa. Ginin ya yi fada, ya yi kurkuku, ya yi ma'ajiyar makamai. Yanzu a ciki ake ajiye kambunan sarauta. Ana kuma kiwon hankaki a harabar. Turawa suna da camfi cewa ranar da hankakin suka tashi suka bar wurin, sarautar ƙasar za ta faɗi.

Babbar gobara

Ran 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi da dare a gidan wani mai gasa burodi. A lokacin yawancin gidajen garin na katako ne, kuma a cunkushe suke. Ga shi an daɗe ba ruwan sama, ga iska. Wutar ta yi kwana 4 tana ci. Ta cinye gidaje fiye da 13,000.

Bayan haka aka yi doka cewa duk mai sabon gini ya yi da bulo ko dutse. Aka kuma kafa wani dogon ginshiƙi don kada a manta. Tsawonsa ƙafa 202, daidai nisan da ke tsakaninsa da wurin da wutar ta fara. Baƙo mai ƙarfin gwiwa zai iya hawa matakala 311 ya hango gari daga bisa.

Inda aka tsai da ranar 'yanci

In baƙo ya bi kogin ya yi yamma, zai iske Majalisar Dokoki. A gefenta akwai hasumiya mai babban agogo. Ƙararrawar ciki ita ake kira Big Ben. Nauyinta ya fi ton 13, kuma ta fara bugawa a 1859.

Gaba kaɗan akwai fadar Bakingham, fadar Sarkin Ingila. Kusa da fadar akwai wani gida mai suna Lankasta. A wannan gida shugabannin Nijeriya suka zauna da Turawa a 1957 da 1958. Cikinsu akwai Sardauna Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Azikiwe, da Awolowo. A zaman 1958 ne aka tsai da 1 ga Oktoba, 1960, a matsayin ranar 'yancin kai.

Kayan wasu a gidan tarihi

Ɗaya daga cikin wuraren da baƙi suka fi cika shi ne Gidan Tarihin Birtaniya. An buɗe shi a 1759, kuma shiga kyauta ce. Amma ba duk kayan ciki ne na Turawa ba.

A 1897 sojojin Ingila suka auka wa birnin Benin, wanda ke jihar Edo a yau. Suka kori sarkin, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fada. A jikin waɗannan kaya maƙeran Benin suka zana sarakunansu da yaƙe-yaƙensu. Wato su ne littafin tarihin masarautar. Fiye da guda 900 suna wannan gida na Landan.

Nijeriya ta nemi a mayar mata da su. Masu gidan suka ce wata doka ta 1963 ta hana su ba da abin da ke hannunsu. Sun kuma ce a Landan mutanen duniya duka suna ganin kayan. Mutanen Benin suka ce ɗan Benin ba zai nemi biza da kuɗin jirgi ba kafin ya ga aikin kakanninsa.

Wasu sun fara amsa kira. A 2022 wani ƙaramin gidan tarihi na Landan mai suna Honiman ya mallaka wa Nijeriya kaya 72. A shekarar ce kuma ƙasar Jamus ta yarda ta mallaka mata fiye da 1,000.

Saboda haka, jama'a, duk wanda ya sami zuwa Landan ya ga ganuwa, ya ga hasumiya, ya ga fada. Amma in ya shiga gidan tarihi, ya tsaya ya karanta ɗan allon da ke gaban kowane abu. Allon kan faɗi ƙasar da abin ya fito. Daga nan sai ya tambaya ta wace hanya ya zo.